Gatana da Rana: Tarihin Shigar Tatsuniya Lakkol a Ƙasarmu



Duk wanda ya tashi a karkarar Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji ya san dokar nan: ba a gatana da rana. Tsofaffi kan ce wanda ya yi zai ɓata, in kuwa abin ya zama dole, sai an fara ɗaure Gizo tukuna. Gatana, wadda mutanen Kano ke kira tatsuniya, abar dare ce. An ci tuwo, an kau da kwanoni, yara sun kewaye kaka ko gwaggo a tsakar gida. Lakkol kuwa abar rana ce, da ƙararrawarta da tablonta da mushe riƙe da bulala. Sama da shekara ɗari ke nan ana ƙoƙarin shigar da ta daren cikin ta ranar, a Najeriya da nan Nijar. In muka bi tarihin za mu tarar da abu guda yana ta maimaituwa: kowane lokaci labarin ake ɗauka a kai aji, hanyar ba da shi kuma a bar ta a ƙofa. Alhali hanyar ce ke koyar da yaro.

Makarantar dare

Mu fara da duba yadda abin ke gudana a gida. Mai ba da gatana ba ta farawa sai ta nemi izini. Ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa, sannan labari ya tashi. In ba a amsa ba, babu gatana. Ka ga tun daga kalmar farko an nuna wa yaro cewa bakinsa na cikin aikin.

Sai maimaici. Ɗauki gatanar ruwan Bagaja, wadda kusan kowa ya ji wani kashinta. Ɗiyar bora ta kama hanya, ta gamu da abubuwan ban mamaki ɗaya bayan ɗaya, a kowane wuri ta yi waƙa, ta yi ladabi, ta dawo da arziki. Ɗiyar mowa ta bi hanya guda, ta gamu da abubuwa guda, ta yi rashin kunya, ta kwashi kashinta a hannu. Kafin a kai rabin tafiya ta biyu, yaro ɗan shekara biyar ya riga ya san abin da ke gaba, har yana rigan kaka faɗa. Waƙar kuwa tun a karo na uku ya haddace ta. Abin da masana karatun yara ke kira hasashen abin da zai biyo baya, da riƙe jerin aukuwa, da tara kalmomi, ga shi nan duka ba alli ba kaye.

Akwai kuma abin da ya shafe mu ɗaliban ilimin harshe kai tsaye. Gizo na da tsamin baki, ba ya iya faɗin sarki sai "saiki". Yaron da ya ƙyalƙyale da dariya a wurin nan ya nuna kunnensa ya raba sauti da sauti, kuma wannan rarrabewar ita ce matakin farko na koyon baƙi da wasali. Kura na da muryarta, Dodo na da tasa, dila na da lafazinsa na malamin daji. Kafin gatana ko bayanta akan yi ka-cinci-ka-cinci, inda wanda ya kasa sai ya ba da gari.

Mafi muhimmanci, bayan kaka ta gama akan ce wane, kawo taka. Yaro ya miƙe ya faro, ya rikice, ƴan uwansa su gyara mai, ya sake. Gobe ya fi yau. Babu wanda ya ba shi maki, amma duk tsakar gidan ta san wanda ya iya.

Daga baki zuwa takarda

Ɗaya daga cikin mutanen farko da aka rubuta gatanar Hausa daga bakinsu ɗan ƙasar nan ne. Dorugu, haifaffen wani ƙauye kusa da Kance, an kama shi yana yaro aka kai shi Barno cikin bauta. Bayan an ƴanta shi ya bi matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, har Turai a 1855. A Ingila ya zauna wurin wani ɗan mishan mai suna Schön, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da labarai da dama daga bakinsa, suka fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. Littafin nan ba don yaran Hausa aka yi shi ba, don Turawa masu son koyon harshen ne. Dorugu ya rasu a Kano a 1912, a lokacin da makarantar boko ta Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, wadda aka buɗe a Nasarawa a 1909, ke ɗaukar ɗalibanta na farko-farko.

A wannan ɗan tsakanin ne aka yi babban taron tatsuniyoyi. Frank Edgar ya fidda Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, daga 1911 zuwa 1913. Rattray da Tremearne su ma sun fidda nasu a 1913. Abin lura, yawancin abin da ke cikin littafin Edgar malamai maza ne suka rubuto shi da ajami, sannan aka juya shi zuwa boko. Abin da mata ke faɗa da dare, da murya da waƙa da amshi, ya koma abin da maza ke rubutawa da rana ga Bature. Labarin ya tsira, muryar ta faɗi a hanya.

Turawan Ingila sun bar Hausa ta zama harshen koyarwa a ƙananan azuzuwa, don haka suka buƙaci littattafan karatu. Daga nan aka kafa hukumar fassara a 1929, wadda ta koma hukumar talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East. Gasar da ya shirya a 1933 ita ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya ari sunan gatanar amma ya gina nasa labarin daban. Magana Jari Ce ta biyo baya, juzu'i uku, tsakanin 1937 da 1939, musamman don makarantu. Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya sa masu rigar Hausa, ya sa aku ya riƙa ba da su. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya fidda jerin Tatsuniyoyi da Wasanni don firamare. Ko ba komai, yaron Katsina ya buɗe littafi a aji ya tarar da harshen gidansu a ciki.

Ɓangarenmu: Mamadu da Bineta

Mu nan abin ya sha bamban, ko da yake tsakanin Maraɗi da Katsina tafiyar ƴan sa'o'i ce, kuma jini ɗaya ne. Katsinawan da suka kafa Maraɗi bayan jihadi, da Gobirawan da suka zauna Tsibiri, gatanarsu ɗaya da ta dangin da suka baro a kudu. Iyaka ce ta raba makomar gatanar a makaranta.

Lakkol ɗin Faransa ba ta san wani harshe ba sai Faransanci. Taron Barazabil na 1944, wanda ake yi wa kallon sassauci, shi ma ya nanata cewa da Faransanci za a koyar, an hana amfani da harsunan gida a aji. Iyayenmu da suka yi lakkol sun san sambol, abin nan da ake rataya wa wanda aka kama yana Hausa, shi kuma ya yi ta kasa kunne ya kama wani ya miƙa mai, wanda ya kwana da shi ya sha duka. Dubi yadda aka juya lamarin: a tsakar gida yara na sauraren juna don su gyara wa mai ba da labari, a lakkol suna sauraren juna don su kai ƙara.

Kar mu ce Faransawa ba su san darajar tatsuniya ba, sun sani sarai. André Davesne, mai littattafan Mamadou et Bineta da kakanninmu suka karanta, shi da abokin aikinsa Gouin sun fidda Contes de la brousse et de la forêt a 1932, labaran dabbobin Afirka don ƴan lakkol. A 1953 Senghor da Abdoulaye Sadji suka fidda littafin Leuk, zomon tatsuniyoyin Senegal, shi ma don firamare. Littattafai ne masu daɗi, wanda ya karanta ba ya mance su. Amma mi aka yi da tatsuniyar a ciki? An maishe ta ƙugiya, Faransanci ne kifin da ake so yaro ya kamo. Mushe ya karanta, yara su maimaita, a fidda kalmomi masu wuya, a yi dikte. Yaron da jiya da dare ya ba da gatanar Gizo da Ƙoƙi tun daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, yau ga shi a gaban labarin zomo da kura ya zama kurma.

Bayan ƴancin kai

Mulkin kai na 1960 bai canja harshen aji ba. Ko telebijin ɗin makaranta da Nijar ta fara a 1964, wadda duniya ta zo kallo, da Faransanci ta yi aiki. Sai dai a gefe wasu abubuwa sun fara motsi. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita baƙaƙen rubuta wasu harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1968 aka kafa cibiyar tattara adabin baka a Yamai, wadda daga baya ta zama CELHTO. Boubou Hama, malamin lakkol na farko ɗan Nijar da ya fito daga William Ponty, ya tara tatsuniyoyi da almara na ƙasar nan ya buga su juzu'i-juzu'i a shekarun 1970. Aiki ne babba, amma shi ma da Faransanci ya fito, a Paris.

Ƙofar gaske ta buɗe a 1973, da aka kafa lakkol ta gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa, Faransanci ya shigo a hankali har ya karɓi ragama a manyan azuzuwa. Daga baya aka ƙara Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci, cibiyar INDRAP kuma ta ɗauki aikin rubuta littattafai. A waɗannan azuzuwan ne karo na farko Gizo ya shiga lakkol ɗin gwamnati da harshensa. Binciken da aka yi a kansu ya nuna yaran da suka fara da harshen gida sun fi iya karatu, har a Faransancin ma ba a bar su baya ba. Duk da haka lakkol ɗin nan sun shekara fiye da ashirin ana kiran su "na gwaji", ba su wuce ƴan gommai ba a faɗin ƙasa. Gwajin da ya kai wannan tsawon, ai ka san ba sakamako ake jira ba.

Dokoki kam an yi su. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. A 1999 aka fidda ƙa'idojin rubuta Hausa da wasu harsunan. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda goma. Da taimakon Jamusawa aka buga ƙananan littattafan yara masu harshe biyu ƙarƙashin sunan Albasa. Amma binciken PASEC na 2014 ya tarar cewa a Nijar, cikin yaran da ke ƙarshen firamare, waɗanda suka kai matakin karatu mai gamsarwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Shekara shida a aji, yaro ya fito bai iya karanta wasiƙa ba, ko da wane harshe. Sai ga shi a watan Maris na 2025 kundin da ya maye gurbin tsarin mulki ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Tambayar da ta rage mana ita ce, in Hausa ta shiga aji da ƙarfinta, da wace hanya za a koyar da ita? In da hanyar Mamadu da Bineta ce, mushe ya faɗa yara su maimaita, to an sauya harshe ne kawai, kurumtar na nan.

Abin da ke ƙasa a gundumomi uku

Mu dawo gida. A bisa babbar hanyar da ta ratsa Gidan Rumji ta bi ta Agye ta wuce Gazawa, wadda sai a 2011 aka cire ta daga Agye ta zama gunduma, akasarin yaran da ke shiga CI ba su da wani harshe sai Hausa. Ƴaƴan Fulani da Buzaye na yankin ma yawanci suna jin ta tun daga kasuwa da rijiya. Wato wahalar da ake sha a wasu garuruwa, ta aji ɗaya harshe huɗu, ba ta da ƙarfi a nan. In akwai inda ya kamata a ce gatana ta zauna daram a aji, nan ne.

Kowa ya san halin lakkol ɗin ƙauye. Aji da yawa rumfar kara ce, ba ta tsayuwa sai an gama girbin hatsi an samu karan. Littafi ɗaya yara da yawa, wani wurin ma sai na mushe kaɗai. Gatana ba ta bukatar tebur, ba ta bukatar littafi, kuma lokacin da ake komawa lakkol shi ne dai lokacinta, kaka ta yi, rumbu ya cika, dare ya yi tsawo.

Sai dai makarantar daren ita ma tana ja da baya. Wayar hannu ta shigo da finafinan Kano da na Indiya masu fassara, yara na taruwa a kan allo guda su yi tsit. Kallo ba laifi ba ne, amma fim ba ya jiran amshi, ba ya cewa wane kawo taka. A ƙauyukan bakin iyaka na Gidan Rumji kuma akwai abin da ya fi wannan muni. Tun 2019 ƴan bindiga suka koro dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, aka tsugunar da wasunsu a wurare irin su Cadakori da Garin Kaka. Inda ake kwana da kunne ɗaya, wa zai zauna tsakar gida yana gatana? Yaran nan da suka ƙetaro, wasu sun fara boko da Ingilishi, wasu ba su taɓa shiga ba, yanzu ga su gaban Faransanci. Abin da suka haɗa da ƴan garin da suka tarar shi ne Hausa da Gizo. Madam ɗin da ta buɗe darasi da "ga ta nan", duka ajin zai amsa mata da murya ɗaya, ɗan gari da baƙo.

Akwai wani tarko da ya kamata mu masu nazarin harshe mu faɗa tun da wuri, shi ne na karin harshe. Littafi ya rubuta tafi, fari, biyar. Yaro a Tsibiri na cewa tahi, hwari, biyat. In mushe ya tsaida shi tsakiyar gatana ya ce ba haka ake faɗa ba, to an dawo da sambol ta bayan gida, wannan karon da sunan daidaitacciyar Hausa. Ƙa'ida ta rubutu ce, a koya mai ita a tablo lokacin rubutu. Lokacin ba da labari a bar shi da bakin uwarsa.

Ba mu kaɗai ba ne

A kudancin Indiya, jihar Karnataka, masu harshen Kannada su ma tatsuniya aikin kakanni mata ne, galibi lokacin da ake ba yara abinci. Masaninsu A. K. Ramanujan ya shekara da shekaru yana tara su. A 1995 wasu malaman firamare na gundumar Mysore suka fara wani tsari mai suna Nali-Kali, ma'ana koyo cikin nishaɗi, inda ƙananan yara ke koyo da harshensu ta hanyar waƙa da labari da wasa, suna zaune ƙungiya-ƙungiya, kowa na tafiya daidai ƙarfinsa. Daga baya jihar ta yaɗa shi a makarantunta. Darasin da ke ciki gare mu shi ne malaman ƙauye ne suka fara, kuma abin da suka sauya shi ne zaman ajin da wanda ke magana a cikinsa.

Namu aikin

Ga abin da nake gani za mu iya, mu da ke da waya a aljihu da hutu a gaba. Kowa in ya je gida ya nemi tsohuwar da aka sani da gatana a unguwarsu, ya gaishe ta yadda ya kamata, ya nemi izininta, ya ɗauki muryarta da dare a cikin yara, ba ita kaɗai a ɗaki ba. A ɗauka da waƙar, da amshin, da dariyar, da katsalandan ɗin yaran. Wajen rubutawa a rubuta yadda ta faɗa, in ta ce tahi a sa tahi, a rubuta garin da shekarar. Kuskuren zamanin Edgar kar mu maimaita shi da na'ura a hannu.

Waɗanda za su zama malamai a cikinmu, kuma da yawa za mu zama, ko da kwantaragi ne, su gwada wannan a CI da CP: a ba da gatana da baki, littafi a rufe. A bar yara su amsa, su yi waƙar. Kashegari yaro ɗaya ya maido ta, sauran su gyara mai. Sannan a ɗauki jimla biyu ko uku daga bakin yaran a rubuta a tablo, su ga maganarsu ta zama baƙaƙe, su kwafa a arduwaz. Ranar Juma'a a ba su aikin gida: kowa ya roƙi kakarsa sabuwa ya kawo ran Litinin. Ta haka tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar lakkol ba ta shiga cikin masu koyarwa, uban da ke ganin boko na raba shi da ɗansa kuma ya ga ɗan ya dawo gida yana tambaya.

In wani yaro ya ɗaga hannu ya ce mushe, ai ba a gatana da rana, kar a yi mai dariya, gaskiyarsa ce, haka aka koya mai. A tambaye shi yadda ake ɗaure Gizo a garinsu, a bar shi ya ɗaure, sannan a fara.

Duk wanda ya samo wani abu a hutun nan ya kawo wa ƙungiya, mu ware mai shafi a fitowa ta gaba.